Wasiƙa ga Edita: Haddace sunayen adon harshe ba shi ne nazarin adabi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana tsaya mini a rai, wato yadda muke mu'amala da kalmomin nazarin adabi, irin su jigo da salo da zubi da tsari da kamance da siffantawa da sauransu. Ni malamin Hausa ne a sakandare, kuma ba na wuce shafinku na sharhin littattafai, to ciwon da nake gani a takardun ɗalibai shi dai nake gani a wasu daga cikin sharhin da ake aiko muku, shi ya sa na ce bari in kawo kukana nan.

Ciwon shi ne mun mayar da waɗannan kalmomi abin hadda kawai. Ka ba yaro waƙa ka ce ya yi nazarin salonta, abin da zai rubuto maka bai wuce "mawaƙin ya yi amfani da salo mai armashi, ya yi amfani da adon harshe kamar su kamance da siffantawa da karin magana, wannan ya sa waƙar ta yi daɗi kuma ta jawo hankalin mai sauraro" ba. Shi kenan fa, ya gama, yana jiran maki. Wallahi wannan jimlar za ka iya ɗaukarta ka liƙa wa kowace waƙa a duniya ba tare da ka taɓa jinta ba, waƙar wa'azi ce ko ta soyayya ko ta siyasa duk za ta zauna. To in magana ta dace da kowace waƙa ai ba ta faɗi komai a kan ko ɗaya ba kenan. Abin ya yi kama da yaron makanike da ya haddace sunan sifana da filaya da jak amma in ka buɗe masa inji ka ce ina matsalar take sai ya tsaya yana kallonka. Kuma ba laifin yaran ba ne su kaɗai, haka aka ɗora su, an nuna musu cewa in ka iya kiran sunan abu to ka san shi.

Abin da ake mantawa shi ne adabin ne ya riga sunayen zuwa. Mawaƙan Larabawa na zamanin jahiliyya irin su Imru'ul Ƙais sun yi waƙoƙinsu tun a ƙarni na 6, kuma a kan kari, wato ma'aunin sautin waƙa, suka yi su daram, alhali sai a ƙarni na 8 Khalilu bin Ahmad ya zauna a Basra ya saurari waƙoƙin nan ya fitar da karuruwa 15 ya raɗa musu suna, daga baya Akhfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Haka a ƙasar Girka, marubucin wasan kwaikwayo Sofokilis ya rasu a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa, shi kuwa Aristotal da ya zo ya yi bayanin yadda ake gina wasan kwaikwayo, ya ce dole labari ya kasance da farko da tsakiya da ƙarshe, sai a 384 kafin haihuwar Annabi Isa ma aka haife shi, bayan rasuwar Sofokilis. Malaman balaga irin su Abdulƙahir Jurjani a ƙarni na 11 su ma haka suka yi, magana mai kyau suka tarar suka tsaya suna tambayar me ya sa ta yi kyau. A wajenmu ma makaɗa da mawaƙa sun daɗe suna zambo da habaici da kirari kafin malamanmu na jami'a su tsara hanyar nazari, irin aikin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya yi a kan rubutacciyar waƙa da wanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi a kan waƙar baka. Duk mutanen nan da kunne suka fara, sun ji abu ya taɓa su, sai suka nemi sunan da za su kira shi don su iya nuna wa wani. Mu kuma mun juya abin, muna ba yaro suna tun bai ji komai ba.

Ɗauki jigo, wanda shi ne abu na farko da ake tambaya. Yawancin ɗalibai in ka ce mene ne jigon littafin nan sai su fara ba ka labarin, wane ya so wance, iyaye suka hana, ta gudu, aka yi kaza aka yi kaza. Wannan ai labari ne a taƙaice. Wasu kuma su ba ka kalma ɗaya tak, su ce "soyayya" ko "faɗakarwa", su yi shiru. Jigo shi ne saƙon da aikin yake ɗauke da shi, abin da yake cewa game da soyayyar, shin yana cewa auren dole yana rusa gida biyu ne, ko yana cewa son zuciya ne yara suke kira so, ko kuwa ya bar mai karatu ne a tsakiya ya yanke wa kansa hukunci. Littattafai ɗari za su iya yin magana a kan soyayya kowanne da abin da yake faɗa. Shi ya sa malamai ba su tsaya ga ambaton jigo ba suka ce a nemo furucin jigo, wato wurin da marubucin ya faɗi manufarsa da bakinsa in akwai, sannan a kawo jigon a gajarce, sannan a warware shi ana kafa hujja da baitoci ko shafuka. Warwarar nan ita ce aikin, kuma ita ce ake tsallakewa saboda tana bukatar a karanta littafin da gaske.

Inda na fi son in daɗe shi ne kan kamance da siffantawa, don nan ne haddar ta fi yi mana ɓarna. Kowane ɗalibi zai gaya maka kamance yana zuwa da kamar ko tamkar ko sai ka ce, siffantawa kuma ba ta da su, kai tsaye ake cewa abu kaza shi ne kaza. Wasu har sun san kashe-kashen, na daidaito, da na fifiko irin "maganarsa ta fi wuƙa kaifi", da na kasawa irin "hasken wata bai kai na fuskarta ba". Madalla, daidai ne. Amma kusan ko yaushe misalin ɗaya ne, Audu kamar zaki ne, Audu zaki ne, an wuce wurin. Ba wanda yake tambayar me ya canza da aka cire kamar ɗin. To duba karin maganar nan da kowa ya sani, bashi hanji ne yana cikin kowa. Da cewa aka yi bashi kamar hanji yake da an bar wa mai sauraro ƙofar musu, zai iya cewa e to ta wani wajen dai. Da aka ce hanji ne sai aka rufe ƙofar. Sannan me ya sa hanji, me ya sa ba a ce hannu ko ƙafa ba tun da su ma kowa yana da su? Saboda hanji a ɓoye yake, mai babbar riga yana da shi mai tsumma yana da shi kuma ba wanda yake ganin na wani, sannan abu ne da ba a son a fito da shi fili. Kenan a kalma ɗaya an faɗi cewa bashi ya game kowa, an faɗi cewa sirri ne, an kuma lallashi wanda ake bi cewa kar ya ji kunya. Wannan bayanin shi ne nazari. Cewa "wannan siffantawa ce" buɗe ƙofa ne kawai, yaron da ya tsaya nan bai shiga ɗakin ba.

Haka hali zanen dutse, ko ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ka tsaya ka tambayi aji me ya sa fure, za ka sha mamakin abin da yaran za su fito da shi da kansu, wani zai ce saboda fure yana da kyau a ido, wata ta ce saboda ba ya daɗewa yake zubewa, wani ya ce saboda manomi in ya ga fure yana sa ran amfani sai kuma ya tashi a tutar babu. Duk sun yi daidai, kuma duk a cikin kalma ɗaya suke. Yaran nan fa sun iya, a gida da su ake magana da irin wannan harshen, mu ne muke sa su ji kamar adabi wani baƙon abu ne da sai an haddace.

Jinsintarwa ma haka take shan wahala. An san rassanta, mutuntarwa in an ba abin da ba mutum ba halin mutum, dabbantarwa in an ba mutum halin dabba, abuntarwa in an mayar da mai rai kamar wani kaya. Ga wani misali da na ƙirƙira nake ba ɗalibai: "Talauci ya yi sallama, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gida, ya ce shi ba sauri yake ba." Nan da nan za su ce mutuntarwa, sai in ce na ji, amma wane irin mutum aka mayar da shi? Ba ɓarawo ba ne da ya hauro katanga da dare, ba ɗan fashi ba ne. Baƙo ne mai ladabi, ya shigo da sallama, ba ka ma lura da ranar da ya zama ɗan gida ba, kuma ba ka da bakin korarsa. Da an ce talauci ya fasa ƙofa ya shigo ita ma mutuntarwa ce, sunan ɗaya ne, amma ana maganar wani talaucin ne daban, na wanda gobara ko asara ta faɗa wa dare ɗaya. To in suna ɗaya zai rufe abu biyu masu nisa haka ta yaya sunan kaɗai zai isa amsa? In kuma marubuci ya ce "tun da aka sallame shi daga aiki ya zama tsumma, kowa ya zo sai ya goge ƙafa", abuntarwa ce, amma abin lura shi ne wa ake zargi a jimlar, shi da ya zama tsumman ko masu goge ƙafar.

Kambamar zulaƙe kuma akwai masu ɗaukarta ƙarya, har na taɓa ganin mai sharhi yana kushe mawaƙi wai ya faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba. Wanda ya ce ya yi kuka har hawayensa ya cika kogi ai ya san ba wanda zai je ya auna, shi da mai sauraro sun yi yarjejeniya tun farko cewa girman baƙin cikin ake nunawa. Tambayar da ta dace ita ce ko abin da ake magana a kai ya kai a kambama shi haka, don in aka zuba kogin hawaye a kan ƙaramin abu sai waƙar ta koma abin dariya ba da niyya ba.

Alamtarwa ita ce ta fi bukatar hattara. A tatsuniya abin da sauƙi don an riga an saba, Gizo wayo da zamba, Kura haɗama da wauta, Zaki mulki, Dila malamin daji. Amma a ƙagaggen labari ko rubutacciyar waƙa ba haka kawai za ka ga an ambaci dare ka ce jahilci ake nufi ba, wani marubucin dare a wurinsa hutu ne da rufin asiri, rana ce mai tonon silili. Aikin ne da kansa zai nuna maka, in abu yana ta dawowa a wuraren da suke da nauyi a labarin to ka fara zargin alama ce, in sau ɗaya aka ambace shi aka wuce to wataƙila dare ne kawai ya yi.

Sai zambo da habaici da ake ta cakuɗawa. Zambo a fili yake, ana kama mutum ne a siffanta shi da muni, a kambama aibinsa yadda jama'a za su yi dariya. Habaici kuwa ba a kama suna, jifa ne a kasuwa, mai abin shi ya san kansa, shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bambancin nan ba na jarrabawa ba ne kawai, yana gaya maka matsayin mai magana. Wanda yake da ƙarfi ko yake da wanda ya tsaya masa shi yake iya zambo, wanda yake tsoron abin da zai biyo baya ko yake son ya bar wa kansa hanyar cewa ai ba da kai nake ba shi yake fakewa da habaici. In ɗalibi ya gane wannan zai fara karanta dangantakar mutanen da ke cikin labari daga irin maganar da suke jifan juna da ita. Gatse kuma, wato a faɗi abu ana nufin kishiyarsa, a baki murya ce take tona shi, a rubuce babu murya sai mahallin maganar, shi ya sa yara da yawa suke karanta gatse su ɗauka yabo ne.

Bari in taɓo tsarin waƙa, don nan akwai wata matsala ta daban. Yaro zai ƙirga ɗango, wato layukan da ke cikin baiti, ya gaya maka waƙar ƙwar biyu ce ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, zai nuna maka babban amsa-amo da ƙarami, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen baitoci da na ƙarshen ɗangaye, zai ce an buɗe da sunan Allah an rufe da salati. Duk wannan ido ne yake yi. Amma kari ba a ganinsa da ido, kuma dalilin a bayyane yake, rubutun boko da muke yi yau da kullum ba ya nuna dogon wasali da gajere, alhali karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, gaɓa mai gajeren wasali marar nauyi ce, mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi mai nauyi ce. Wannan ne ma ya sa ma'aunin Larabci ya zauna wa waƙoƙinmu da yawa. Ka furta kalmar mutane, gaɓar farko gajera biyun ƙarshe dogaye, to ka sami ƙafar da ake kira fa'ulun, ka maimaita ta sau 4 kana tafi ka ji yadda Mutaƙarab yake tafiya. Ka furta gaskiya, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi, ka sami fa'ilun. Cikin ɗan lokaci aji zai kama in da baki da tafi aka yi, amma sai a rubuta sunayen karuruwa a allo, Kamil, Ramal, Basiɗ, Wafir, a ce a kwafa, yara su fita suna cewa aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ya fi lissafi wuya. Waƙar da aka yi don a rera ta ana koyar da ita ba a taɓa rera ta ba, wannan abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Sabi-zarce ma a ji ake gane amfaninsa. Ma'anarsa dai magana ba ta ƙare a ƙarshen ɗango ba sai ta zarce cikin na gaba. Ga wani da na haɗa don misali kawai:

Ya rantse zai riƙe amana har
ranar da kuɗi suka shiga hannunsa.

Ɗan tsayawar nan da aka yi bayan har, kunne ya riga ya cike gurbin da har abada ko har mutuwa, sai ɗango na biyu ya zo ya kayar da shi. In ka haɗe su layi ɗaya maganar tana nan amma faɗuwar ta tafi. To yaron da ya rubuta "akwai sabi-zarce a baiti na uku" bai yi kuskure ba, amma bai gaya mana abin da ya faru da kunnensa ba.

Akwai kuma kalmomin da in ba a bayyana su da kyau ba tsofaffin waƙoƙinmu za su rufe mana gaba ɗaya. Tahamisi misali, inda wani zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu ya ƙara uku a farkon kowane baiti su zama biyar, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa, waƙar da Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci Nana Asma'u ta mayar Hausa. Wanda bai san haka ba zai karanta baiti ɗaya yana zaton murya ɗaya yake ji alhali biyu ne, ɗaya yana yi wa ɗaya shimfiɗa da sharhi. Ko ramzi, inda mawaƙi yake ɓoye shekarar da ya gama waƙa a cikin wata kalma ta hanyar lissafin haruffa. A lissafin da malamanmu suka bi shinun 1000 ne, ra 200, nun 50, dal 4, to in ka ga an haɗa waɗannan huɗun a kalma ɗaya a ƙarshen waƙa shekara ta 1254 ta Hijira ake gaya maka. Yara suna jin daɗin wannan sosai in an nuna musu, don ji suke kamar sun buɗe wani kulli da aka ɗaure musu tun kusan shekara 200.

A ɓangaren zube abin da aka fi sakaci da shi shi ne wa yake ba da labarin. In tauraron ne da kansa yake cewa na je na dawo, to abin da ya gani kaɗai za mu gani, kuma yana iya kare kansa ko ya ɓoye mana wani abu, in kuma wani ne daga waje da ya san zuciyar kowa to wani zancen ne. Haka dabarar labari cikin labari, kowa zai ce akwai ta a Dare Dubu da Ɗaya, akwai ta a Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, amma kaɗan ne suke lura da aikin da take yi. A na farko matar tana ba da labari ne don ta jinkirta kisanta, a na biyu aku yana ba da labari ne don ya tsare ɗan sarki kar ya fita. A duka biyun labarin kansa shi ne makamin, kowane dare da aka cinye ana sauraro an tsira da rai. Wanda ya ga wannan ya fara hango jigon littafin ta cikin zubinsa, kuma nan ne zai gane cewa jigo da salo da zubi da muke rarrabawa a allo a cikin littafi a haɗe suke. Wasan kwaikwayo ba zan tsaya a kansa ba, illa in ce ƙirga kashi da fitowa bai kai muhimmancin lura da lokacin da ɗan kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba.

Na san wasu abokan aikina za su ce jarrabawa ma'ana take tambaya, lokaci kuma ba ya isa, silabas ga tsawo. Gaskiya ne, kuma ni ban ce a daina koyar da ma'ana ba, dole yaro ya san sunayen don da su zai yi magana da sauran masu nazari, ba zai yiwu kowa ya ƙirƙiro nasa ba. Abin da nake cewa a fara da baitin, a karanta shi da ƙarfi, a tambayi yara me suka ji, sannan a ce to wannan abin da kuka ji ga sunansa. Wanda ya koya ta haka ko ya manta ma'anar da ke littafi zai iya ƙera ta da kansa a ɗakin jarrabawa. Wani abin da ke ƙara rikita su kuma shi ne littattafai ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, wani ya ce kamance wani ya ce kamantawa, mai nazarin rubutacciyar waƙa ya ce jigo da baiti, mai nazarin waƙar baka ya ce turke da ɗa. An yi ƙoƙarin daidaita irin waɗannan tun a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, sai dai malamai nawa ne a sakandare suke da shi a hannu? Yaron da ya san aikin da abu yake yi bambancin suna ba zai ruɗa shi ba, wanda ya haddace kuwa da an canza masa kalma ɗaya ya ɓace.

Don haka Malam Edita ga roƙona. Duk wanda ya aiko muku da sharhin littafi ko na waƙa ya ce salon ya yi armashi ko harshen ya yi daɗi, don Allah ku mayar masa ku ce ya ciro mana layi biyu ko uku daga cikin aikin ya nuna mana inda armashin yake da yadda aka yi shi, in ya ce akwai rauni shi ma ya nuna wurin. Marubutan ma za su fi amfana da haka fiye da yabon da ba su san me aka yaba ba. Sannan in da hali ku ware ɗan gurbi ko da rabin shafi ne duk mako, a ɗauki kalma ɗaya tak, wannan makon habaici, mako mai zuwa amsa-amo, a kawo misali daga waƙa ko labari ko ma maganar da mutane suke yi a waya da soshiyal midiya, a feɗe shi da Hausa mai sauƙi, a bar masu karatu su aiko da nasu misalan. Malaman jami'a da na kwalejojin ilimi suna nan da yawa da za su iya rubutawa in an tuntuɓe su, mu ma na sakandare a shirye muke mu ba da tamu gudummawar, kuma ni da kaina zan riƙa yanko shafin ina shiga da shi aji.

Na gode da wannan fili da kuka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani malamin Hausa mai bibiyar jaridarku